Hayaƙi Muke Shaƙa, Wuta Kuwa Babu

Mafi yawan wutar lantarkin da ake rarrabawa a Najeriya daga tashoshin iskar gas take fitowa, irin su Egbin a Legas, da Geregu a Kogi, da Afam a Ribas. Kullum ana gaya mana cewa gas ya fi kwal tsafta, kuma gaskiya ne, domin hayaƙin kabon da yake fitarwa bai wuce kusan rabin na kwal ba. To amma ina amfanin wannan tsafta ga mutumin da ke kwana cikin duhu da zafi?

Tashar Egbin kaɗai an gina ta ne domin ta samar da megawat 1,320, amma ƙasar baki ɗaya, mai mutane sama da miliyan 200, da ƙyar take haura megawat 5,000, kuma uzurin da ba ya ƙarewa shi ne ƙarancin gas. Wannan uzuri ne ya fi ƙona mini rai, domin a daidai lokacin da injinan tashoshin suke tsaye, a yankin Neja Delta ana ƙone gas ɗin nan a banza dare da rana, alhali tun 1984 doka ta ƙayyade a daina. Wace irin ɓarna ce ta wuce wannan?

A unguwarmu a Kano, ranar da aka kawo wuta ta awa huɗu sai ka ga ana murna kamar an ga watan salla. Sauran lokaci kuwa, tela da mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara, kowa ya tayar da janareta, ga fetur ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Da magariba hayaƙi yakan cika lungu har cikin soro, yara suna tari, tsofaffi suna kasa barci, sannan a ƙarshen wata a miƙo mana takardar kuɗin wutar da ba mu gani ba.

A shekarar 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, aka yi ta ɗage ranar kammala shi shekara bayan shekara. A 2021 kuma, a taron sauyin yanayi na Glasgow, Shugaba Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita kabon da take fitarwa da wanda ake cirewa daga iska. Duk mai son cika wannan alƙawari, ya fara kashe wutar da ke ci a rijiyoyin mai, ya tura gas ɗin zuwa tashoshi, mu ma mu samu mu kashe janaretocinmu.