Na'urar yuro 569 da Marion jabun da muka girma da shi a Garwa

Ranar Lahadi da daddare ɗan yayana ya turo mini saƙon murya daga Garwa, a arewacin Kamaru. Bayan gaisuwa mai tsawo, irin wadda da ji ka san akwai buƙata a bayanta, sai ya ce, "Baffa, don girman Allah in za ka zo hutu ka taho mini da Steam Deck. Ko na hannu ne ina so." Shekararsa 15. Na saurari saƙon sau biyu, sannan na dubi jakata, domin abin da yake roƙo yana kwance a cikinta, kwana tara rabona da kunna shi.

Ga wanda bai sani ba, Steam Deck na'urar wasa ce da kamfanin Valve na Amurka ya fitar a 2022. Kwamfuta ce sukutum, an matse ta yadda za ka riƙe da hannu biyu. Tawa, mai allon OLED, na saye ta yuro 569. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wato abin ya haura sefa 370,000. Tana da 'yan uwa da yawa a kasuwa yanzu: Ayaneo, Odin 2, Retroid Pocket, Analogue Pocket, wasu ƙasa da wannan farashi, wasu na Ayaneo ma sun wuce shi nesa. Abin da zai ba ka dariya shi ne da yawa cikin masu zuba wannan kuɗi, wasannin shekara 30 da suka wuce suke nema. Suna saka manhajar kwaikwayo, wadda aikinta ta yaudari tsohon wasa ya zaci yana kan na'urarsa ta asali. PPSSPP tana kwaikwayon PSP, na'urar hannu ta Sony, Dolphin tana kwaikwayon GameCube da Wii, RetroArch kuwa ta tara dangi da yawa a gida ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su, amma kwalbar zumar ce ta yi tsada.

Shekara 11 ke nan ina zaune a wajen Paris, kuma a wurin aiki na fara ganin yadda mutanen nan suka ɗauki wannan harka. Wani abokin aikina Bafaranshe, sa'ana ne, ya zaro Analogue Pocket daga wata 'yar jakar ƙyalle lokacin cin abinci, a hankali kamar mai fito da ƙwai. Ya kuma zaro kaset ɗin Tetris na Game Boy, launin toka, an rubuta sunansa da biro a baya. Ya ce rubutun mahaifiyarsa ne, ta rubuta don kada yaran makaranta su sace. Ya soka kaset ɗin, ya kunna, ya miƙo mini.

Gaskiya abin ya burge ni. Game Boy da Nintendo ta fitar a 1989 allonsa ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye. Allon Pocket ɗigo 1600 ne da 1440, ninki goma cif ta kowane gefe, saboda haka kowane tsohon ɗigo yana samun gurbinsa ba tare da an ja shi ko an murɗe shi ba. Kuma ita ba da manhaja take kwaikwayo ba. A cikinta akwai wani guntu da ake kira FPGA, wanda ake sake tsara hanyoyin wutarsa har ya riƙa aiki kamar kayan cikin tsohuwar na'urar. Da ta fito a ƙarshen 2021 dalar Amurka 220 ake sayar da ita, ban da kaset. Kaset na asali kuwa, in kana so, ka je titin Voltaire a Paris, shaguna ne a jere, an jera tsofaffin wasanni cikin gilashi kamar gwal. Abokina ya ce, "Daidai yadda yake ina yaro. Babu abin da ya canza."

A hanyar gida na yi ta juya maganar nan. Duk abin da waɗannan na'urori masu tsada suke tallatawa ke nan: za mu mayar maka da asali, daidai wa daida. To ni wane asali za a mayar mini?

Mu a unguwarmu ba mu taɓa ganin Nintendo na gaskiya ba. Abin da muka sani wata baƙar na'ura ce ta roba, ƙirar ƙasar Sin, mara nauyi kamar fanko, wadda 'yan kasuwa ke shigowa da ita ta Najeriya. Kwafin Famicom ta Nintendo ce, wadda ta fito a Japan tun 1983, amma mu a tsakiyar shekarun 1990 sabuwa ce fil a wurinmu. Kaset ɗinta rawaya ne, an rubuta 9999999 a jiki, wai adadin wasannin da ke ciki. Mun yi wata guda muna bin jerin kafin mu gane wasa bai fi goma ba, sauran duk maimaici ne, an canza launin sama ko an fara ka daga wani mataki. Gidan maƙwabcinmu ne ke da ita, da talabijin mai fari da baƙi. Abin da ake sokawa a bango yakan yi zafi har ka ji ƙaurin roba, sai a cire a ajiye shi a gindin randa ya huce, mu kuma mu zauna muna gardamar layi. In kaset ya ƙi tashi, a hura masa iska, a goga a riga, a sake sokawa. Akwai bindigar harbin agwagwa, wadda ƙanena ke mannawa a jikin gilashin talabijin, mu yi ta ihu ya yi maguɗi. Wannan bindiga da tsohon talabijin mai ƙeya kaɗai take aiki, allon zamani ba ya amsa mata, saboda haka ko nawa ka kashe a na'urar hannu ba za ta dawo maka da ita ba.

Ranar da na fara kunna Super Mario Bros a Steam Deck ɗina, cikin jirgin ƙasa, sai na ji kamar an yi mini musanye. Kiɗan yana gudu. Mario yana sauri, ina tsalle ina faɗawa rami a wuraren da yatsuna suka haddace tun ina ɗan shekara 10. Na zaci na'urar ce ba a saita ba. Da na bincika sai na gane ita ce ke da gaskiya. An yi wasan ne don talabijin na Japan da Amurka, mai sauya hoto sau 60 a daƙiƙa. Kwafin da aka kawo mana an gyara shi ne don talabijin mai sau 50, saboda haka komai yana tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wato Marion da na sani, mai tafiyar ƙasaita, mai kiɗa a natse, kuskuren masu jabu ne. Na biya yuro 569 aka ba ni na ainihi, kunnena ya ƙi shi. Sai da na shiga saiti na tilasta wa manhajar ta koma sau 50 kafin hankalina ya kwanta. Ka ji fa, na sayi doki don in koya masa tafiyar jaki.

Daga baya PlayStation ta iso, ita ma ba gidan kowa ta shiga ba. Rumfa ce ta kwano kusa da kasuwa, benci biyu, talabijin uku, ka ba da sefa 50 ka buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa manet, wato abin dannawa, ga na gaba. Wasan ƙwallo na Winning Eleven muke bugawa, komai da rubutun Japan, babu wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya, amma kowa ya san sau nawa zai danna ƙasa ya kai wurin canza 'yan wasa. Mai sharhi yana ihu da Japananci, mu muna maimaitawa a hanyar makaranta. Duk wanda ya ɗauki Brazil sai ya cire Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudunsa, har aka kafa doka a rumfar cewa hakan haramun ne. Lokacin kuma ƙwallon Kamaru na tashe: a 2000 mun ci kofin Afirka a Legas, a gaban 'yan Najeriya, da bugun fanareti, muka ƙara da zinaren Olamfik a Sydney, a 2002 muka sake ɗauko kofi a Mali. Rigima a kan wa zai ɗauki Kamaru ta fi wasan kansa zafi. In faifan ya ƙi karantuwa, mai rumfa ya kifa na'urar a kan bayanta, sai ka ga ta tashi. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Shi ya sa nake ganin ɗan gida da ya sayi irin waɗannan na'urori don tuna baya, kewar wasu yake saya da kuɗinsa. Abokina yana da kaset mai rubutun mahaifiyarsa, ya yi wasa shi kaɗai a kujerar bayan mota, na'urar hannu ta dace da yarintarsa kamar hula da kai. Tamu yarintar yara goma sha ne a kan tabarma ɗaya, manet biyu, ɗaya ma maɓallinsa ya nutse. A jirgin da nake shiga da safe kowa ya sunkuya a kan allonsa, ni ma haka, na ci Brazil huɗu da nema babu wanda zan yi wa dariya.

Bar maganar zuciya, mu zo ga ƙarfe. Valve da kanta ta ce Steam Deck ta fi aiki daidai in zafin wuri bai wuce digiri 35 ba. Wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Garwa ya san 40 ba labari ba ne. Tana da fanka a ciki da ke zuƙar iska, ka kawo ƙurar hunturu ka haɗa. Nauyinta ya haura rabin kilo, in wasan mai nauyi ne batir ba ya wuce 'yan sa'o'i, ga wuta da sai ta ga dama take zuwa. Sabbin wasannin da yaron ya gani a bidiyo kowanne gigabait gommai ne, wa zai sayi wannan data? Sannan gyara. A nan in sandar juyawa ta lalace, zan yi odar wata ta zo ta gidan waya cikin kwanaki. A gida masu gyaran waya gwanaye ne, za su farke maka Tecno ko Itel su haɗa kafin ka gama shan shayi, amma kayan gyaran Ayaneo sai dai a jira matafiyi. Kafin nan na'urar sefa 370,000 ta zama abin danne takarda.

Wani abin kuma, yaran nan sun riga mu. Wayar da ke hannun ɗan yayan nawa tana ɗauke da PPSSPP, da wasan ƙwallon da wasu suka yi wa kwaskwarima suka saka 'yan wasan bana da rigunan bana, suna tura wa juna ta Xender ba tare da sun ƙona data ba. Ya san babban fayil da zai buɗe, ya san inda zai ajiye kowane abu, ya san saitin da zai rage in wasa yana sarƙewa. Abin da manya a nan suke kallon bidiyon awa guda su koya, shi ya koya a bakin shagon caji.

Ba zan zalunci masu tsadar ba. In PlayStation 2 ko GameCube kake so su tafi sumul, ƙananan na'urori ba za su iya ba, sai irin su Odin 2 ko Steam Deck. Allon OLED kuwa gani ya kori ji, baƙinsa baƙi ne ƙirin. Araha kuma ba ta ado: ƙananan nan na yuro 40 da ake cika su da wasa dubu goma sha, katin ajiyar da ke zuwa da su sau da yawa na banza ne, rana ɗaya zai mutu da duk abin da ka tara, gara ka canza shi tun ranar farko. Su kansu wasannin da ke ciki kwafi ne ba da izini ba, abin da mu can ba mu taɓa ɗauka laifi ba, amma kamfanoni ba sa wasa da shi. A 2024 Nintendo ta maka masu manhajar Yuzu, mai kwaikwayon na'urarta ta Switch, a kotu, suka amince su biya dala miliyan 2.4, suka rufe.

Da na je hutu ban kai masa Steam Deck ba. Na kai masa Anbernic ƙarama, wadda ba ta kai yuro 80 ba, mara fanka, mai ramin da ake haɗa ta da talabijin, da sabon katin ajiya, da manet biyu marasa waya, da batirin ajiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Baffa, Allah ya ƙara buɗi," amma fuskarsa ta nuna ba haka ya so ba. Yayana ya harare shi, ya ce, "Kai, ubanka ma bai taɓa riƙe irinta ba." Da yamma na haɗa musu a talabijin ɗin falo, na zaɓi Winning Eleven, na ɗauki Brazil, na kai Roberto Carlos gaba. Yaya ya taso daga kan darduma ya ce wallahi ba a yin haka, ya ƙwace manet daga hannun ɗansa.

Makon jiya yaron ya sake turo murya. Ya fitar da tsohon talabijin zuwa zaure, yaran unguwa na biyan sefa 50 wasa ɗaya, mahaifiyarsa na faɗa saboda hayaniya lokacin magariba. Maɓallin manet ɗaya ya fara nutsewa. Yana so in turo wasu biyu ta hannun duk wanda zai zo, kuma wai wannan karon shi zai biya.