Rubutun ÉIRE a gaɓar tekun Ailan ba don masu yawon buɗe ido aka yi shi ba

Wanda ya ga hoton manyan haruffan ÉIRE, wato sunan ƙasar Ailan da harshen ƙasar, shimfiɗe da fararen duwatsu a kan tsaunukan bakin tekun Ailan, sau da yawa yakan ɗauka ado ne na zamani, irin wanda ake yi don baƙi su ɗauki hoto. Ba haka ba ne. Aikin Yaƙin Duniya na Biyu ne, kuma matuƙan jirgin sama aka rubuta wa.

Ailan 'yar ba-ruwanmu ce a yaƙin, amma hakan bai hana bama-baman Jamus faɗa wa birnin Dublin a watan Mayu na 1941 ba. Gwamnati ta riga ta kafa wuraren tsaro 83 a kewayen gaɓar, inda masu gadi ke lura da teku da sararin sama dare da rana. A wajen 1943 aka jera duwatsu kusa da su, aka shafe su da farar ƙasa, don matuƙi ya san ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambar da aka ƙara a gefen kowane rubutu, wato lambar wurin tsaron da ke kusa da shi. An ba matuƙan Amurka jerin lambobin, don haka wanda ya tsallako tekun Atlantika ya ga 80, ya san yana kan Malin Head ne, can ƙuryar arewa. Ka ga ke nan ba-ruwanmu ɗin ya ɗan karkata.

Ciyayi sun binne wasu. Na Bray Head, wani tsauni a kudu da Dublin, sai da gobarar daji ta 2018 ta tona shi.