Allurar ciwon hanta: ku daina cewa mu ne ba mu waye ba

Wallahi na gaji da jin wannan maganar wai manya a ƙasar nan ba su son allurar rigakafin ciwon hanta, wai jahilci ne, wai mutanen Adar taurin kai gare su. Kowace shekara in 28 ga watan Yuli ta zo, ranar ciwon hanta ta duniya, sai a raba riguna masu rubutu a ƙirji, a yi jawabi da Faransanci, wani babba ya tashi ya ce jama'a har yanzu ba su fahimta ba, a ɗauki hoto a watse sai baɗi. To mu fahimci mi? Wa ya zo ya faɗa mana? Shiga kasuwar Tawa yau ka tari magidanta ka tambaye su ko sun san akwai allurar epatit B, wato ciwon hanta nau'in B, ta manya, mafi yawa za su ce maka su dai sun san ta jarirai. Kuma ba su yi ƙarya ba, ita kaɗai suka taɓa gani.

Nijar sai a 2008 ta sa rigakafin epatit B cikin allurar yara, wannan ta panta da ake yi a sati 6 da 10 da 14. Madalla da hakan, amma ku yi lissafi da kanku. Duk wanda aka haifa kafin nan, ni da kai da iyayenmu da matanmu, ba wanda ya samu sai wanda ya nema da kuɗinshi. Wato duk masu aure da haihuwa yanzu, masu zuwa wurin wanzami, masu miƙa hannu ga mai yankan farce a bakin tasha, mu ne aka bari fili. Ƙwayar nan kuma tana iya yin kwana 7 a kan aska ko reza ba ta mutu ba. Kaciya, ƙaho, cire belu, tsagar gado, huda kunne, duk abin da jini ke taɓa ƙarfe a sake sa ma wani. Ga saduwar aure, ga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, wadda tana cikin manyan hanyoyin a ƙasashenmu. OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya, kusan miliyan 65 a Afirka, kuma kashi 13 cikin 100 kawai suka san suna da ita. Sau da yawa ba ta ciwo ba ta zazzaɓi, shekaru tana cin hanta shiru, ranar da ido ya yi rawaya ciki ya kumbura an makara, sai a ce shawara ce a kama jiƙe-jiƙen sassaƙe, wasu su ce sammu.

Mu a gidanmu ta yaya muka sani? Ɗan baffana ne ya je ba matarshi jini, aka ɗiba aka ce nashi ba ya yi, aka miƙo mishi takarda an rubuta AgHBs positif, wato yana ɗauke da ƙwayar epatit B. Shi ke nan fa. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga abin da ke jikinka, ga abin da za ka yi, kawo iyalinka a duba. Bawan Allah ya dawo gida yana tsammanin sida ce, ya daina cin tuwo da mu, ya ware kwanonshi da ludayinshi, har tsohuwarmu ta hana yara hawa tabarmarshi wai gumi na ɗauka. Alhali ba a ɗaukarta ta kwano ɗaya, ko gaisawa, ko gumi, ko tari. Bayanin minti biyu ne da ya hutar da gida guda daga wannan tashin hankalin, amma mai farar riga ba ya da lokacinmu.

Da wani ɗan unguwa da ya yi karatun lafiya ya warware mana, muka ce to bari duk gida a yi analiz, wanda ba ya da ita a yi mishi allura. Nan aka fara wasan. Likitar unguwa suka ce tasu ta jarirai ce, ku je gaba. Gaba suka ce ku yi analiz tukuna, kowa da kuɗinshi, mun biya. Rezilta ta fito aka rubuto ordonans aka ce ku sayo a farmasi ku dawo a yi muku. Farmasi wannan babu, waccan ta ƙare sai an aiko daga Yamai, wadda ke da ita kuma ta faɗi kuɗin da sai da na sake tambaya ko na gida duka ne, a'a na mutum ɗaya ne allura ɗaya. Kuma uku ake yi, yau, bayan wata ɗaya, sannan a wata na 6. Ka ninka jikkunan nan sau uku, ka ninka da yawan manyan gidan Bahaushe, mata biyu da ƙanne da tsoho da tsohuwa, a shekarar da buhun hatsi ke neman gagarar mutane. Sannan abu ne da ba ya son zafi, sai ka nemi ƙanƙara ka zuba a kula ka hau kabu-kabu cikin ranar Tawa kana addu'a kar ta narke, ita farmasin ma Allah kaɗai ya san awa nawa firijonta ya yi ba wuta. Ka iso a ce mai allurar ya fita, ka dawo gobe. In kai ta ina kafin goben?

An rage kuɗin ganin likita a 2024, mun gani mun gode, yara 'yan ƙasa da shekara 5 ma an daɗe da cewa kyauta ne. Amma ni dai da na je neman wannan allurar hannuna na sa a aljihu tun daga ƙofa har fita.

Kuma don Allah a bar cewa manya tsoron allura suke. A 2010 da aka kawo sabuwar allurar sanƙarau ba har masu shekara 29 aka yi wa ba? Samari da 'yan mata suka yi layi. Lokacin korona an kafa rumfa, kyauta, ana roƙon mutane, cutar da mu nan ba mu ga gawarta da yawa ba. Shan inna gida-gida ake bi, mai shela ya zaga, mai gari ya yi magana, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, a shafa ma yaro alama a yatsa. Ashe in an so ana iyawa. Amma cutar da ke kashe magidanci yana tsakiyar ƙarfinshi ya bar marayu, ciwon hanta iri-iri da OMS ta ce suna kashe mutum kusan 3,500 kullum, ita ba mai shela ba liman ba rediyo da Hausa ko Tamashek, sai fosta a bangon ofis da harshen da tsohuwata ba ta ji. Masu maganin gargajiya kuwa kullum lasifikarsu na kunne, wai sati biyu ka warke. Su suna talla, ku kuna taro a otel, wa kuke so talaka ya bi?

Ko wanda ya daure ya yi ta farko, wa ke tuna mishi ta biyu da ta uku? Nan Adar da an gama girbi maza sun kama hanyar bida, Abijan, Libiya, Aljeriya, wata 6 ta same su can, karnen allurar na cikin akwati a gida. Kamfanin waya na turo maka saƙon bonus dare da rana, amma saƙo ɗaya na cewa lokacin allurarka ya yi ya gagara.

Abin da ya fi ƙona min rai mata masu ciki ne. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, 9 cikin 10 tana zame musu ta din-din-din, babba kuwa da wuya ta zauna mishi. Shi ya sa aka ce a yi ma jariri allura cikin awa 24 da haihuwa. Matar ɗan baffan nan nawa awo nawa ta je a cikinta na baya, ba wanda ya ce mata a duba hanta, kuma a ƙauye mata nawa ke haihuwa a ɗaki? Shi kanshi yanzu an ce sai ya yi gwajin yawan ƙwayar a jini kafin a san ko zai fara shan tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar, kuma wai sai Yamai, sama da kilomita 500, kuɗin mota daban na gwaji daban na kwana daban.

An ce wai nan da 2030 za a kawar da cutar. To a fara da sa allurar manya a firijon likitar unguwa inda ta jarirai take, a sauko da kuɗinta, a duba duk mai ciki a awon farko, kuma duk wanda aka mayar da jininshi a zaunar da shi a yi mishi bayani da harshen da yake ji kafin ya fita ƙofa. Mu a gidanmu har yanzu rabi ne suka samu, sauran suna jiran a sayar da albasa.