Ɗalibin kimiyyar siyasa da ba a taɓa fita da shi unguwa ba

Shekara huɗu na yi ina karanta kimiyyar siyasa a jami'a, kuma har yau abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka koya mana dabarun bincike. Malam ya rubuta ma'anoni a allo, muka haddace, muka ci jarrabawa. Da lokacin furojet, wato binciken kammala digiri, ya zo a aji huɗu, da idona na ga abokan karatu a gindin bishiya suna cike takardun tambayoyi da kansu. Mutum ɗaya shi ne magidanci, shi ne bazawara, shi ne ɗan kasuwa. Ban cika ganin laifinsu ba, don ba wanda ya taɓa fita da mu unguwa ya nuna mana yadda ake zama da mutum har ya saki jiki ya faɗi abin da ke ransa.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, sama da mutum miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Me ya zaunar da sauran a gida? Tsoron 'yan daba ne, ko wahalar canjin kuɗi, ko sun fid da rai ne gaba ɗaya? Amsar tana teburin mai shayi da zauren mai unguwa da bakin matan da ke cikin gida. Littafin da aka rubuta kan masu zaɓe a Amurka ba zai ba mu ita ba.

Haka darasin hukumomin mulki. Ga Balarabe Musa, gwamnan jam'iyyar PRP a tsohuwar jihar Kaduna, ga majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, har ta tsige shi a 1981. Mako guda a kan wannan kaɗai ya isa ɗalibi ya gane yadda majalisa ke taka wa gwamna birki, da yadda takan wuce gona da iri. Mu a gurguje aka ambace shi.

Kuma muna da wuraren bincike: Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja, da Arewa House a Kaduna, duk suna hannun jami'o'i.

Malamaina, ina roƙonku, zaɓe mai zuwa ku tura kowane ɗalibi rumfar zaɓen unguwarsu da littafi da biro, ya wuni a can, ya dawo aji ya faɗi abin da ya gani, a ba shi maki a kai.