Ƙuri'ar jin ra'ayi ta zama mai gadin ƙofa a zaɓen fid da gwani na Amurka

A shekarar 2007, a teburin mai shayin unguwarmu inda muke sauraron labaran rediyo bayan isha'i, an riga an gama yanke hukunci: Hillary Clinton ce za ta tsaya wa jam'iyyar Democrat takarar shugaban ƙasar Amurka, Rudy Giuliani kuma ya tsaya wa Republican. Ba da ka muke faɗa ba, abin da ƙuri'un jin ra'ayin jama'a suka yi ta nunawa ke nan kusan duk tsawon shekarar. Giuliani shi ne magajin garin New York lokacin harin 11 ga Satumban 2001, sunansa ya shiga kowane gida. Ya dogara da wannan farin jini, bai ba jihohin Iowa da New Hampshire, waɗanda ke sahun farko a zaɓen fid da gwanin, muhimmanci ba, ya tara ƙarfinsa a Florida. Ranar 29 ga Janairun 2008 ya zo na uku a can, washegari ya janye ya mara wa John McCain baya, mutumin da aljihun kamfen ɗinsa ya bushe watanni kaɗan kafin nan har manyan ma'aikatansa suka watse.

Kuskuren ba na masu ƙirga ba ne. Yana wajen waɗanda suka ɗora wa alƙaluman kayan da ba za su iya ɗauka ba. A duba yadda ake samo su. Mace tana tsaye a kicin da yamma, yaro na jan zaninta, waya ta yi ƙara, wani baƙo ya karanto mata sunaye goma sha biyu ya ce wa za ta zaɓa a zaɓen da ya rage saura shekara guda. Uku kawai ta taɓa ji a cikinsu. Za ta ambaci wanda ta fi sani don ta koma kan tukunyarta. Amsarta gaskiya ce, amma abin da ta auna shi ne sanin suna.

Ranar zaɓe kuwa wata duniya ce daban. A tsarin da 'yan Democrat suka daɗe suna bi a Iowa, mutum zai fita cikin sanyin Janairu da daddare, ya je ɗakin wasanni na wata makaranta, ya tsaya a kusurwar gwaninsa a gaban maƙwabtansa. Ɗan takarar da bai samu kashi 15 cikin ɗari na mutanen ɗakin ba, magoya bayansa sai su koma wata kusurwar, ana jan hannunsu ana lallashinsu. A nan zaɓi na biyu ke aiki, a nan kuma ake gane wanda ya yi watanni yana bin ƙofa-ƙofa. Ranar 3 ga Janairun 2008 Barack Obama ya lashe Iowa, Clinton ta zo ta uku, bayan John Edwards.

Duk da haka ban yarda da masu cewa ƙuri'un jin ra'ayi na farko-farko shirme ne zalla ba. Daga watan Yulin 2015 Donald Trump ya hau gaba, masana suka yi ta cewa iska ce za ta wuce, suna kafa hujja da Herman Cain da Rick Perry waɗanda suka tashi suka faɗi a 2011. Alƙaluman ne suka yi gaskiya, Jeb Bush da tarin kuɗin da magoya bayansa suka haɗa, sama da dala miliyan 100, ya janye a Fabrairun 2016. Haka Joe Biden: ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire a 2020, aka fara yi masa jana'izar siyasa. Amma tun 2019 ƙuri'un suna nuna cewa baƙaƙen fata, musamman dattawa, sun riƙe shi gam. South Carolina ta tabbatar da hakan ranar 29 ga Fabrairu. Wanda ya karanta ƙasan takardar, ya ga su wane ne ke bayan ɗan takara da kuma ko sun yi niyyar sauya ra'ayi, ya fi wanda ya tsaya a kan lambar da ke sama fahimta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka mai da wannan ma'auni mai rauni ya zama sharaɗin shiga fili. A muhawarar farko ta 'yan Republican a Cleveland, a watan Agustan 2015, tashar Fox News ta ɗauki mutum goma da ke sama a ƙuri'un jin ra'ayi ta ba su babban dandali, sauran aka tura su wata ƙaramar muhawara tun kafin 'yan kallo su taru. A 2019 jam'iyyar Democrat ta ce sai mai kashi 1 cikin ɗari a ƙuri'u uku, ko mai masu ba da gudummawa 65,000. Zuwa Satumba sharaɗin ya koma kashi 2 a ƙuri'u huɗu tare da masu gudummawa 130,000. Alhali masu binciken da kansu sukan rubuta a ƙasan rahotonsu cewa sakamakon na iya karkata da maki uku ko fiye. To ina bambancin mai kashi 1 da mai kashi 2? Amsar mutum biyar ko goma a waya ta isa ta hana gwamna guda magana a gaban ƙasa baki ɗaya. Wanda bai hau dandali ba ba a san shi ba, wanda ba a sani ba ba ya tashi a ƙuri'a, masu kuɗi kuma ba sa zuba jari a kan wanda bai tashi ba.

Na san uzurin da ake bayarwa, kuma yana da ƙarfi: mutum 17 suka nemi tikitin Republican a 2016, na Democrat kuma sun haura 20 a 2019, dole a rage. Amma akwai hanyar da ta fi adalci, kuma an gwada ta. A watan Yunin 2019 a Miami, an raba mutum 20 gida biyu ta hanyar ƙuri'ar sa'a, kowane rukuni da darensa. Da an ci gaba da haka har mutanen Iowa su yi magana, da masu zaɓe ne suka yi tankaɗe da rairaya da hannunsu.

Ko a wannan muhawarar ma an bar Steve Bullock a waje. A lokacin shi ne gwamnan Montana, ɗan Democrat da ya ci zaɓe a 2016 a jihar da Trump ya lashe a rana guda, irin mutumin da jam'iyyar ke cewa tana nema ido rufe. Ya makara wajen shiga takara, sai a watan Mayu, saboda ya tsaya majalisar jiharsa ta kammala zamanta. Alƙalumansa ba su kai ba, ya kalli muhawarar daga nesa, kuma kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ya janye a watan Disamba.