Mun yi ta yaba mishi, ashe ciwo muke yabo

Salamu alaikum ƴan uwa. Wallahi tun jiya barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ɗauko waya nike rubuta wanga abu, kuma kaina nike fara yi ma faɗa kafin kowa.

Jiya bayan kiran la'asar wani yayanmu da muke aiki tare ya faɗi a wurin alwala. Ba zan faɗi sunanshi ba, ba zan faɗi sarwis ɗin ba, wanda ya gane ya rufa mishi asiri don Allah. Kontabil ne, wato mai lissafin kuɗi, duk buro ana ji da shi, shekara da shekaru dala guda ba ta taɓa ɓata a hannunshi ba, ya yi gidanshi a unguwar Ali Ɗan Sofo, ya je Makka, ɗiyanshi na lakwal mai tsada. Sai ga shi kwance cikin laka jiki na fizga, kumfa a baki, buta ta yi gefe. Muna ciccibarshi za mu sa a mota katin ƙwaya ya zamo daga aljihun riga, tramol ne mai miligiram 225 ɗin nan, saura biyu a jiki. Wani ya yi wuf ya take shi da takalmi kada a gani. Ni kam na riga na gani.

Abin da ke cina a rai shi ne na daɗe da sanin bawan Allahn nan ba lahiya gare shi ba, ban dai kira abin ciwo ba. Alwala guda sai ya ƙarar da buta biyu, ya wanke hannu ya dawo ya sake, har fatar yatsunshi ta yi fari ta tsattsage kamar ta mai wankau cikin hunturu. Liman ya kai ruku'u shi yana nan yana fama da kabbarar harama, ya ɗaga hannu ya sauke ya sake ɗagawa. In an tashi aiki ya kulle buro ya kai bakin titi ya dawo ya girgiza kwaɗo, ya tahi ya sake dawowa, wata rana mai gadi ya ƙirga mishi sau bakwai. Lissafin da ya riga ya fita daidai shi zai kwana a kai. To mu mi muke cewa? "Kai yaya akwai tsantseni." "Da kowa irinshi ne da ƙasar ga ta gyaru." A gaban idonshi ke nan. A fada kuwa in shayi ya zagayo ni ne gwanin kwaikwayon kabbararshi, ana dariya har da riƙe ciki. Astagfirullah. Sau guda ya taɓa ce mini, "ƙanena, kaina ba ya yin shiru," na ce ai yaya manyan kawuna haka suke. Ku ji amsa don Allah.

Jama'a wannan waswasin ciwo ne da likitoci suka sani, da Faransanci TOC suke ce mishi, kuma wajen mutum 2 cikin 100 na gamuwa da shi a rayuwa, in ka dubi sahun Juma'a ka san ba ɗaya ba ne ba biyu ba. Tunanin da mutum bai gayyato ba ne ke faɗo mishi, ko ban wanke gwiwar hannu ba, ko na bar ƙofa buɗe, ko na ci kuɗin mutane ban sani ba, gaba ta faɗi, sai ya koma ya duba ya ji sanyi na ɗan lokaci, can abin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Shi kanshi ya san ba hankali a ciki, abin da ke ƙara kashe shi da kunya ke nan.

Wanda Allah ya ɗaukaka kuwa nashi ya fi wuyar ganewa don ciwon sai ya sa rigar ƙwazo. Yini ya ƙare wurin sake duba dosiye guda, aiki ya taru, sai a haɗiyi tramol a kwana kan tebur. Ido ya bushe, sai a nemi diyazefam a samu runtsawa. Gobe ma haka. Mu kuma a ranmu ƙwaya ta ƴan kabu-kabu ce da ƴan dako da yaran tasha, su muke yi ma wa'azi, su muke nunawa da baki. Babban mutum ba ya zuwa teburin mai saida ƙwaya da kanshi, yaro yake aikawa, ko ya sami wani sananne ya ba shi ba ordinans, ya sha turare ya shiga mota mai sanyi mu rusuna mu gaishe shi. Akwai malamin jami'a da ke gyaran takarda guda sau huɗu, akwai hajiyar da in ta rufe shago a babbar kasuwa sai ta ƙirga ciniki har tsakar dare tana kuka, akwai ungozomar da ta cinye hannunta da sabulu da ruwan jabel, wa ya taɓa zama da su ya ce ya kike kwana? Tramol ɗin da likita ke rubutawa 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini, biyu kacal na mai 225 sun riga sun tsallake, kuma yawanshi na kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Ita muka gani jiya da idonmu.

Mu da muka yi Risala a zaure, ba mu tuna mustankihi ba? Wanda shakka ta aure shi cewa aka yi ya share ta ya wuce. Wanki uku aka ce, wanda ya ƙara ya wuce iyaka. To don mi muka riƙa kiran buta biyu tsoron Allah? Mu muka riƙa zuba ma wutar mai da bakinmu, wallahi mu ne.

Don Allah in kana da irin wanga mutum a gida ko a buro ka bar dariya, ka bar yabon ma, ka ja shi gefe inda ba kowa ka tambaye shi. A yi addu'a a yi ruƙiyya, amma a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, zuwa can ba hauka ba ne. Akwai horon da suke yi ma mutum kaɗan kaɗan ya saba barin shakka ba tare da ya koma dubawa ba, akwai magani da ke ɗaukar kamar wata biyu zuwa uku kafin a ga amfaninshi sosai, sai an yi haƙuri. Kada a ce ya yar da ƙwayar dare ɗaya don nuna tuba, diyazefam musamman in an yanke shi gaba ɗaya yana iya kada mutum, a hannun likita ake rage shi. Kuma ya faɗa ma likitan gaskiyar abin da yake sha, don tramol ba ya jituwa da maganin waswasin.

Kai kuma da ke karanta wannan alhali katin ƙwaya na aljihunka, yaya, hajiya, mushe, don girman Allah ka faɗa ma mutum guda. Guda kawai.

A barandar asibiti matarshi ta ce mini ta yi shekara biyu tana tsintar katin a wurin wanki tana ƙonawa, tsoron bakin mutane ya hana ta magana. Bakin mutane ni ke nan da ƴan fadarmu. Ya farfaɗo alhamdulillah, an jima zan kai mishi kunu in roƙe shi gafara, ban ma san ta ina zan fara ba. Ku sa shi a addu'a don Allah.