Dokarmu ta san hanyar kurkuku, ba ta san hanyar asibiti ba

A layinmu a Unguwar Rogo ta Jos akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai. Ɗanta na fari ya fara da sholisho tun yana ɗan shekara 14, ya koma tiramol, yanzu ko goskolo, giyar nan ta haɗin gida, ba ya ƙyalewa. Ranar da ya ɓalle akwatinta ya kwashe kuɗin adashe, ta shigo gidanmu ko mayafi ba ta gama yafawa ba, ta ce: "Baban Aisha, ina zan kai yaron nan? Ni ba ɗauri nake so a yi masa ba, magani nake nema." Na yi shiru, domin amsar da dokar ƙasa ta tanadar mata ita ce wadda ba ta so.

An kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ne a 1989 da dokar soja mai lamba 48, kuma har gobe ƙashin bayan dokar kamu ne da hukunci. Sashe na 19 ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko makamanciyarta. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safara, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai. Ban da tausayin dillalai ko kaɗan, su ne ke cinye mana 'ya'ya. Amma ɗan mai ƙosai ba dillali ba ne, majinyaci ne, kuma ban ji an yi irin wannan zazzafar muhawara kan gadon da zai kwanta ba.

Binciken 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kusan miliyan 3 abin ya zame musu ciwo, kuma a duk masu ta'ammalin ɗaya cikin huɗu mace ce. Cibiyar bincike kan shaye-shaye ta CRISA da ta taimaka a aikin nan Jos aka kafa ta a 1990, abin da da yawanmu ba mu sani ba. Har yanzu waɗannan alƙaluman ake jawowa a kowane taro, alhali kasuwar ta sauya. Tun da aka haramta maganin tari mai kodin a 2018, yara suka koma wasu abubuwan da iyaye ko sunansu ba su iya faɗa. Wanda bai san abin da ake sha bana ba, da me zai tsara rigakafi?

Inda asibiti ya yi nisa ko ya yi tsada, gidan mari ke amsa kira. Mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019: ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, hanya ce ta ƙure musu. An rufe gidajen, to me aka buɗe a madadinsu? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kyauta, sai dai takarda ba ta biyan likita.

Abin da nake nema wurin wakilanmu na Filato a Abuja shi ne a rubuta kuɗin magani a cikin dokar kanta, a ware kaso daga dukiyar dillalan da kotu ta ƙwace a zuba a sashen masu shaye-shaye na asibitocin gwamnati. A buɗe wa alƙali hanyar tura mai sha asibiti maimakon gidan yari, a kuma wajabta sabon bincike duk shekara biyar.

Mai ƙosai dai ta sayar da keken ɗinkinta, ta kai yaron wani asibiti, kuɗin suka ƙare a mako na uku aka sallamo shi. Shekaranjiya na gan shi a bakin kwata da tsumma a hanci.